Ƙasar Kazaure da Rajistar Wuraren Tarihi ta Najeriya

Wurare 65 ne dokar Najeriya ta ayyana a matsayin wuraren tarihi na ƙasa, waɗanda taɓa su ba da izini ba laifi ne. Rabon Jihar Jigawa a cikin wannan lissafi yana Birnin Kudu, inda aka sanya duwatsun Mesa da Habude da Murufu saboda zane-zanen da mutanen da suka bari a jikinsu. Birnin Kudu kuwa tana kudancin jihar, mutumin Kazaure ma sai ya ratsa ta Kano kafin ya isa can. Idan aka juyo arewa maso yamma, aka taso daga Roni, aka bi ta Gwiwa da Kazaure, aka shiga Yankwashi inda Achilafiya da Karkarna suke, aka ƙarasa Babura, ba za a tarar da gini ko ganuwa ko kushewa ko rijiya guda ɗaya da sunanta ya shiga wannan rajista ba. Ƙananan hukumomi biyar ke nan, a ƙasar da aka shafe ƙarni na 19 ana gwabza yaƙi a kanta.

Mai saurin yanke hukunci zai ce ai babu abin da ya cancanta ne. Tarihin yankin bai goyi bayan wannan zance ba.

Masarautar Kazaure ƙarama ce idan an gwada ta da maƙwabtanta, amma samuwarta na cikin al'amura masu ban sha'awa a tarihin Daular Sakkwato. Ibrahim Ɗan Tunku, shugaban wasu Fulani da ke zaune a wajajen Ɗambatta, ya mara wa masu jihadi baya a yaƙin Ɗan Yahaya na 1807, inda aka karya rundunar Sarkin Kano Alwali. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, yana ganin shi ma mai tuta ne, ba barar Kano ba. Aka yi shekaru ana fafatawa. Dabo ya mai da Fanisau sansaninsa na yaƙi, kuma a can ne Baturen nan Clapperton ya same shi a farkon 1824, yana fama da wannan rigima. Daga ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya amince da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta, wadda aka yanko ƙasarta daga gefen Kano da Katsina da Daura. Ɗan Tunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi, ya yi mulki har 1857, kuma a zamaninsa ne masarautar ta faɗaɗa ta kafu.

Ƙasar da aka haifa a kan iyaka ba ta rabuwa da fargaba. Daga arewa akwai Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimu ta tara bindigogi har da igwa, ta addabi maƙwabtanta na kudu. A ƙarshen ƙarnin, mayaƙan Amadu Kuran Daga sun kutsa har Gezawa, a bakin ƙofar Kano. Babura, wadda ba ta cikin ƙasar Kazaure (a yau tana ƙarƙashin masarautar Ringim, a da kuwa tana hannun Dambazawan Kano), garin tsaron iyaka ce da ke tare wa Kano wannan hanya. A irin wannan zamani ba a kafa gari a sarari haka kawai. Ko dai a jingina shi da dutse, kamar yadda duwatsun Kazaure da na Roni suka ba da mafaka, ko a kewaye shi da ganuwa da gwalalo, ko aƙalla a yi masa kafi na itace da ƙaya. Hatta labarin da ake bayarwa na asalin sunan Kazaure, wai wani maharbi ne ya ga wani lungu tsakanin duwatsu ya ce kamar zaure, labari ne na neman wurin ɓuya. Saboda haka abin da yankin ya gada daga wancan ƙarni shi ne sawun ganuwa, da gurbin ƙofofi, da kufai, da maƙabartun sarakuna da malamai, da tsofaffin rijiyoyi da karofi, da kukokin da ke nuna inda gari ya taɓa zama. Ba su da ƙyalƙyali, kuma kusan dukkansu na ƙasa ne.

Dalilin da ya sa ba su shiga rajista ba yana cikin tarihin ita kanta rajistar. A 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa wani malamin zane, Kenneth Murray, ya zama mai binciken kayan tarihi na farko. Shekara goma bayan haka, a 1953, aka yi dokar kayan tarihi wadda ta ba da ikon ayyana wuri a matsayin abin da gwamnati ke karewa. An fara aiki da wannan iko a 1956, kuma cikin wuraren farko akwai Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. A 1959 aka sanya Gidan Makama na Kano da Hasumiyar Gobarau ta Katsina da kushewun Durɓi ta Kusheyi. A 1964 aka sanya kufan Surame, birnin Kanta na Kabi. Mafi yawan sunayen da ke cikin rajistar a yau sun shiga ne a waɗannan 'yan shekaru, lokacin da ma'aikatar ba ta wuce ta mutane ƙalilan ba, suna yawo da mota ɗaya ko biyu a ƙasa mai faɗin Najeriya.

Wannan ya bar tabo a jikin lissafin. Abin da ya shiga shi ne abin da waɗannan mutane suka gani da idonsu, ko wani Di'o ya rubuto musu labarinsa, kuma ya dace da abin da suke sha'awa: zanen dutse, manyan gine-ginen birane masu suna, da wasu alamomin mulkin Turawa, irin gadar ƙarfe ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Kaduna. Ba a taɓa bin ƙasar gunduma-gunduma ana tambayar dagatai da limamai abin da suke da shi ba. Kazaure a lokacin ƙaramar En'e ce a cikin Lardin Kano, inuwar birnin Dabo ta rufe ta. Wanda ya zo Kano ya ga badala da Gidan Makama da Dala, da wuya ya ƙara tafiya arewa don ya duba ragowar ganuwar wani ƙauye.

Labarin Birnin Kudu ya nuna yadda sa'a ke shiga cikin lamarin. A tsakiyar shekarun 1950 ne Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya je duba zanen shanu da ke jikin duwatsun garin. Wasu daga cikin shanun da aka zana ba su da tozo, wato ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin a yau ba ne, abin da ke nuna tsufan zanen. A nan ne kuma ya lura da wasu duwatsu masu amo, waɗanda idan an buga su suke ƙara kamar kuge, jikinsu duk ya lotsa saboda daɗewar bugu. Ya rubuta labarinsu a 1956, masana a wasu ƙasashen Afirka suka shiga neman irinsu, suka kuma samu. Mutanen Birnin Kudu sun san waɗannan duwatsu tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya kawai shi ne wani mai alƙalami da kujera a ma'aikata ya iso wurin. Da hanyarsa ta bi da shi ta Roni, wataƙila da wani lissafin ake karantawa yau.

Wurin da ya fi kusa da ƙasar Kazaure a yanayi, cikin waɗanda suka samu shiga, shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani ta Jihar Katsina. Ƙauye ne, kuma abin da ake gani a wurin bai wuce tuddan ƙasa da kuka ba. Manomin da bai san labari ba zai iya ɗaukarsu jigawa ce kawai. Amma al'adar Katsina ta riƙe cewa nan ne makwancin sarakunan Durɓawa, waɗanda suka yi mulki kafin gidan Korau, kuma har yau Durɓin Katsina ne hakimin Mani. A 1907 Palmer, jami'in mulkin mallaka a Katsina, ya sa aka haƙa wurin. A 1992 aka sake haƙa uku daga cikin tuddan, tare da haɗin gwiwar masana daga Jamus. Abin da aka tono ya girgiza masu nazarin tarihin ƙasar Hausa: kayan ado na zinariya, mundaye da tasoshin tagulla, duwatsun wuya, wuri, da wata tasa da aka ƙera a ƙasashen Musulunci na gabas, wajen Masar ko Sham. An gyara kayan a birnin Mainz na Jamus, aka baje kolinsu a can a 2011, daga baya aka dawo da su Najeriya. Binciken ya nuna kaburburan sun kai shekara ɗari biyar zuwa ɗari bakwai, wato tun wancan zamani wannan karkara tana da hannu a cinikin da ke ratsa Sahara.

Abin lura a nan shi ne tsarin lokaci. An sanya Durɓi a rajista a 1959, an yi haƙan da ya bayyana darajarta a 1992. Shekara talatin da uku tuddan suna zaune, ba a kwashe ƙasarsu an yi tubali ba, ba a baje su an shuka gero ba. Girmamawar da mutanen wurin ke yi wa makwancin magabata ta taka rawa, sarautar Durɓi ma haka, amma sunan da ke cikin gazet ya sa akwai ma'aikatar da ta san wurin yana nan, wadda za a nemi izininta kafin a sa diga. Tudun da ba a rubuta ba, ranar da tifa ta zo ɗibar ƙasar cikon hanya, ba wanda zai san an yi asara, balle a san girmanta.

Kada dai a ɗauka shiga rajista laya ce. Badalar Kano, wadda aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da Muhammadu Nazaki, tana cikin rajistar ƙasa, kuma tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan UNESCO ta amince da su. Duk da haka kowa ya ga yadda aka yanka ta fuloti-fuloti, aka dasa shaguna da gidaje a kanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Idan haka ta faru a tsakiyar birni, a gaban jami'o'i da gidajen rediyo da ofishin hukumar kanta, ana iya kintata abin da ke faruwa a inda ba mai kallo. Akwai ma wani abin mamaki: wanda yake son ganin yadda badalar take a cikakkiyar surarta, ko yadda masallacin Babban Gwani yake kafin a lulluɓe shi da sabon gini, zai iya samun kwaikwayonsu a Jos, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da aka gina bisa awon da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana ɗauka.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A tsarinta, hukumar ce ke buga sanarwa a gazet cewa tana son a ayyana wuri kaza, a ba mai wurin damar ƙorafi, sannan shugaban ƙasa ya amince. Ma'ana, kafin ganuwar wani ƙauye a Gwiwa ta samu kariyar tarayya, sai takardarta ta kai teburin da ya fi kowane tebur cunkoso a ƙasar. Ba abin mamaki ba ne da lissafin ya daskare. Lokacin bikin cika shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu, a 2014, hukumar ta gabatar da shawarar ƙara wurare 100, amma har yanzu 65 ɗin nan ake ambata. Hukuncin wanda ya lalata wurin tarihi kuwa tarar naira 1,000 ce, ko ninki biyu na darajar abin, ko ɗaurin wata goma sha biyu. A 1979 naira ta fi dala daraja, dubu ɗaya kuɗi ne na gaske. Yau ba ta sayen kwanon shinkafa. Batun ninki biyu na daraja kuma, sai a nemo alƙalin da zai yi wa ganuwar Dambo kuɗi.

Akwai wata matsalar da ta fi ta tara zurfi. An gina tunanin dokar ne a kan gine-ginen dutse, waɗanda idan an kewaye su da waya, an hana taɓawa, za su tsaya. Ginin ƙasa akasin haka yake. Yana rayuwa ne da taɓawa. Kowace damina tana cin wani abu daga jikinsa, kowane rani kuma sai an mayar masa: a yi yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo, a canza azarar da gara ta ci. Ganuwar da ta tsaya a ƙarni na 19 ta tsaya ne saboda sarki yana raba wa unguwanni da ƙauyuka rabonsu na gyara bayan an gama girbi, Sarkin Magina yana duba aiki, kuma kowa ya san abin da zai biyo baya idan mahara suka samu kafa. Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙe-yaƙen iyaka suka mutu, dalilin wannan aikin gayya ya mutu tare da su. Ba sai an kawo katafila ba. Shekara ɗari na ruwan sama, da manomin da ke matso da kunyarsa taku ɗaya kowace shekara, da mai gini da ke ganin tsohuwar ganuwa a matsayin ƙasar da aka riga aka kwaɓa, sun isa.

Inda ginin ƙasa ya tsira a Afirka ta Yamma, za a tarar mutane ba su daina amfani da shi ba. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda garinsa ya shiga jerin UNESCO a 1988, duk shekara mutanen gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. Hasumiyar Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin a 2013, itatuwan da suka tsattsago daga jikinta matakala ce ta masu gyara. A nan gida ma, fadar Kazaure tana tsaye da adonta saboda akwai sarki a ciki, ana zaman fada, ana hawan salla daga ƙofarta. Abin da ke cikin haɗari shi ne wanda ya rasa mai shi: kufan da mutanensa suka tashi suka koma bakin titi, karofin da aka daina rini a cikinsa, tsohon masallacin da aka ce ya yi ƙanƙanta, wani mai hali ya ba da bulo da kwano fi sabilillahi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuyar magana, domin mai rushewar da kyakkyawar niyya ya zo, jama'a kuma suna yi masa addu'a.

Yana da amfani a duba yadda wata ƙasa mai tsarin tarayya ta bi da wannan al'amari. A Amurka, dokar 1966 ta kafa rajistar wuraren tarihi wadda yanzu ta haura wurare 90,000, kuma da wuya a samu gundumar karkara da ba ta da ko ɗaya: tsohuwar makaranta mai aji guda, gadar katako, rumbun wani manomi, ofishin gidan waya. Ba wai sun fi ƙasar Hausa tsufa ba ne, Kano ta girmi kowane birni nasu. Bambancin yana ga inda takarda take farawa. A can kowane mutum ko ƙungiya na iya cike takardar neman a sanya wuri, ofishin jiha ya tantance, sannan a aika tarayya. Shiga rajistar ma ba ya hana mai gida rushe gidansa idan ba kuɗin gwamnatin tarayya ke cikin aikin ba. Amfaninta na farko shi ne an auna wurin, an ɗauki hotonsa, an rubuta labarinsa, kuma duk wanda zai yi hanya ko madatsar ruwa da kuɗin tarayya dole ya duba ko aikinsa zai taɓa shi. Rajistar Najeriya daga sama take sauka, shi ya sa ta ƙare a inda ƙafar ma'aikatan farko ta tsaya.

Sai dai ƙofar ba a rufe take ba, kuma wannan ne abin da ba a cika faɗa ba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya kayan tarihi da wuraren tarihi a cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kansu tare. Ya fayyace cewa duk wurin da ba a ayyana shi na ƙasa ba, majalisar dokokin jiha tana da ikon yin doka a kansa. Wato majalisar da ke Dutse ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta buɗe tata rajistar, ta ce sawun ganuwar gari kaza ko maƙabartar sarakuna kaza ba a yanka fuloti a kanta, ba a ɗibar ƙasa a cikinta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara, don haka sakatariyar da ke Karkarna ko Roni tana da ta cewa a kan wanda zai samu wane fili.

Aikin da ya kamata ya riga doka shi ne ƙidaya, kuma ba mai tsada ba ne. Masarauta tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, tsarin da ya kai kowane lungu, wanda ake amfani da shi wajen rigakafi da rabon taki. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, an kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura a 2021, akwai kuma jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa. Wayar da ke aljihun ɗalibi tana ɗaukar hoto, tana nuna daidai inda mutum yake tsaye a taswira, abin da Murray da Fagg suka yi ta wahala da ma'auni da takarda kafin su samu. Hotunan tauraron ɗan'adam da kowa ke iya buɗewa a intanet sukan nuna zoben tsohuwar ganuwa a tsakiyar gonaki, ko da mai tafiya a ƙasa ba ya ganin komai sai ɗan tudu.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne suna. Wace ƙofa ce nan, wa aka binne a gindin waccan kuka, wane hari ne ya tashi wancan kufai, daga ina mutanen unguwar nan suka taso. Waɗannan suna bakin tsofaffi ne, da makaɗan fada, da 'yan takardun ajami da ke cikin gafakar wasu gidajen malamai. Dattijon da aka haifa a 1940 a Achilafiya ko Gwiwa ya tarar da kakannin da suka ga zamanin harin Damagaram da idonsu, ya ji labari daga bakinsu. Yanzu ya haura shekara tamanin.